Koyon Turanci: Kalmar WELL da Ma'anoninta

Darasin wannan wata yana kan wata 'yar gajeriyar kalmar Turanci mai baƙaƙe huɗu, wato well. Ana furta ta "wel". Mai karatu zai gan ta a jikin kwalbar magani, da jikin robar maganin feshi, da cikin wasiƙa. Amma ba kullum take nufin abu guda ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A duba kalmar "ci". Ana cin tuwo, ana cin bashi, ana cin jarrabawa, ana cin amana. Baƙon da ya san cin tuwo kaɗai, in ya ji an ce yau kasuwar Tambuwal take ci, sai ya rasa gane zancen. To, haka kalmar well take ga mai koyon Turanci.

Ma'ana ta 1: Rijiya

The well is deep. Rijiyar tana da zurfi.
Cover the well. Rufe rijiyar.

Manoman rani sun san rijiyar fadama, wadda ake kafa wa bututu a ɗora injin ban ruwa. Sunanta da Turanci tube well. Irinta ta yawaita a ƙasar Sakkwato a shekarun 1990, lokacin Shirin Raya Fadama na Ƙasa wanda Bankin Duniya ya tallafa wa. Rijiyar man fetur kuwa ita ce oil well. A shekarar 1956 aka haƙo mai a garin Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu.

Ma'ana ta 2: Lafiya

I am well. Ina lafiya.
The child is not well. Yaron ba shi da lafiya.
Get well soon. Allah ya ba da sauƙi.

Ɗan Fakku da ya tafi cin rani Kudu zai iya aiko da saƙo ya ce I am well. Ba rijiya yake nufi ba. Yana gaya wa mutanen gida ne su kwantar da hankalinsu.

Ma'ana ta 3: Sosai, ko da kyau

Shake well before use. A girgiza sosai kafin a yi amfani da shi.
Mix well. A gauraya sosai.
Wash your hands well. Wanke hannuwanka da kyau.
Well done! Madalla, sannu da ƙoƙari!

Ma'ana ta 4: To

Wani lokaci kalmar tana zuwa a farkon magana, kamar yadda Bahaushe yake fara zance da "to".

Well, let us go. To, mu tafi.

In kuma aka ga as well a ƙarshen jimla, ma'anarsa "ma".

Bring the hoe as well. Kawo fartanyar ma.

Inda hatsarin yake

Ma'ana ta 3 ita ce ta fi muhimmanci a gida da gona. Wasu magungunan yara na ruwa suna kwantawa a gindin kwalba, kamar yadda gasara take kwantawa a ƙasan ƙwarya. In uwa ba ta girgiza kwalbar ba, cokulan farko tsararo ne kawai, ba za su yi aiki sosai ba. Na ƙarshe kuma su yi kauri, ƙarfinsu ya wuce ƙima. Shi ya sa ake rubuta shake well.

Akwai kuma maganin yara da ake sayarwa gari a cikin kwalba. Ba a ce a ɗebo ruwa daga rijiya a zuba kai tsaye ba. Ana tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a zuba daidai layin da ke jikin kwalbar, sannan a girgiza.

Haka nan manomin da ya san well da ma'anar rijiya kaɗai. In ya ga mix well a jikin maganin feshi, zai iya zaton an ce a haɗa shi a bakin rijiya. Wannan kuskure ne babba. Maganin feshi guba ne. Ba a haɗa shi kusa da rijiya, ba a wanke injin feshi a can, kuma ba a zuba ruwan sha a cikin robarsa ko da an wanke ta.

Yadda ake ganewa

A duba kalmar da ta zo kafin well.

1. In a ko the ce ta gabace ta, galibi rijiya ake nufi. It is a well. Rijiya ce.
2. In am ko is ko are ce, lafiya ake nufi. He is well. Yana lafiya.
3. In kalmar aiki ce, kamar shake ko mix ko wash, ana nufin a yi aikin sosai.

Wanda ya karanta duk da haka bai gane ba, kada ya yi ka-ci-ci. Ya tambayi malamin asibiti ko malamin gona. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin gida

A juya waɗannan jimloli zuwa Hausa, a kai wa malamin aji ya duba:

1. The well is dry.
2. My mother is well.
3. Cook the meat well.
4. Do not wash near the well.

Bayan haka, kowane ɗalibi ya duba kwalaben maganin da ke ɗakinsa. Wanda ya sami mai ɗauke da kalmar well ya kwafo jimlar a littafinsa, ya zo da ita aji a karanta tare.