Man silikon

A Buza, wani manomi yana ban ruwan albasa da famfo mai aiki da hasken rana. Ran nan famfo ya tsaya. Albasa ta fara yaushi.

Mai gyara ya kashe wuta, ya buɗe mahaɗin wayoyi. Ashe laima ta shiga, ƙarfe ya yi tsatsa, wuta ta kasa wucewa. Ya kankare tsatsar, ya shafa man silikon kaɗan, ya ɗaure tam. Ruwa ya zubo.

Man silikon ba ya ɗaukar wuta. Aikinsa kare ƙarfe daga laima da ƙura. Zafin rana ba ya narkar da shi.

Tambayoyi
1. Mi ya tsaida famfo?
2. Don mi aka fara kashe wuta?