Ƙasar Da Muke Takawa Tafiya Take Yi

Duk wanda ya tsaya a Mubi da safe ya dubi gabas, zai ga duwatsun Mandara sun yi layi kamar ganuwa. Wata rana kana cikin aji, yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya tara duwatsun nan wuri ɗaya?" Malamin da ya ce masa, "Haka nan suke," ya rufe bakin yaro, amma bai koya masa kome ba. To, ga abin da ya kamata mu sani tun ranar ba ta zo ba.

Ƙwaryar da ta fashe

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Misalinsa kamar ƙwarya ce da ta fashe, gyartai ya harhaɗa sakainunta. Manyan sakainun nan bakwai ne, akwai kuma ƙanana da dama. Kaurin kowace ya kai wajen mil 60, wani wuri ma ya fi haka. Nijeriya duka tana bisa sakaina ɗaya, watau ta Afirka. A ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi. Ba ruwa ba ne, amma yana motsi sannu sannu, sakainun kuwa suna gusawa a bisansa.

Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya faɗi wannan magana a 1912. Ya lura gaɓar Afirka ta yamma da gaɓar Amurka ta Kudu sun dace da juna, kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Masana suka ƙi maganarsa har ya mutu a 1930. Sai bayan 1960, da aka auna ƙarƙashin teku, aka gane ashe da gaskiyarsa.

Inda sakaina ta gamu da sakaina

Abu uku ke faruwa a bakin sakainu.

Na fari, rabuwa. A tsakiyar Tekun Atlantika ƙasa tana tsagewa, narkakken dutse yana fitowa yana cike gurbin. Saboda haka Afirka da Amurka ta Kudu suna ƙara nisa da juna da wajen inci ɗaya ko fiye kowace shekara.

Na biyu, karo. In sakainu biyu suka yi karo, ko dai ɗaya ta nutse ƙarƙashin ɗaya, kamar a Japan inda aka yi babbar girgizar ƙasa a 2011, ko kuwa su tattare su yi sama. Haka Indiya ta kara da Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, duwatsun Himalaya suka tashi.

Na uku, guga. Sakainu biyu su riƙa wuce juna gefe da gefe. Sukan sarƙe shekaru da yawa, sa'an nan su kuɓuce gaba ɗaya. Irin wannan ce ta auku a Turkiyya da Siriya ran 6 ga Fabrairu, 2023, mutum fiye da 50,000 suka rasu.

Rabonmu a cikin labarin

Kada mu zaci labarin nan na nesa ne kaɗai. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, tsagar ta yi reshe uku. Biyu suka buɗe suka zama teku. Na ukun ya shigo cikin ƙasarmu, amma bai ƙarasa ba. Shi ne kwarin da kogin Binuwai ke bi, mai tsawon wajen mil 600, wanda wani reshensa ya bi ta Yola. Teku ta taɓa shiga kwarin nan ta janye. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka, cikin ruwan tekun nan ta kwanta. Da tsagar ta ƙarasa, da watakila sai da jirgin ruwa za a je Kano daga Jalingo.

Duwatsun Mandara fa? Yawancinsu tsohon dutse ne ƙwarai. Zafin ƙarƙashin ƙasa ya tura shi sama, a wasu wurare kuma narkakken dutse ya huda ya fito. Tsinin duwatsun Rumsiki, hayin iyaka cikin Kamaru, maƙogwaron duwatsu ne masu aman wuta, ruwan sama ya cinye jikinsu ya bar abin da ya daskare a ciki. Tafkin Tila na ƙasar Biu shi ma bakin irin dutsen nan ne. Dukansu suna cikin jeri ɗaya da ya taso daga teku, ya bi ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Jerin nan ba a bakin sakaina yake ba, kuma har yanzu masana suna muhawara a kan sanadinsa.

Da yake muna tsakiyar sakaina, nesa da bakinta, ba mu saba da babbar girgizar ƙasa ba. Amma fa wannan bai zama dalilin sakaci ba. Ran 21 ga Agusta, 1986, Tafkin Nyos na Kamaru ya fitar da iska mai shaƙe numfashi da dare, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Tsoron kada bangon tafkin ya fashe ruwa ya kwararo Nijeriya yana cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.

Yadda za a koyar

Ka sa yara su zana taswirar Afirka da ta Amurka ta Kudu, su yanke su, su haɗa. Ka kawo sakaina biyu da kwanon kunu mai kauri, ka aza su a kai, yara su raba su, su kara su, su goga su. Bayan haka ka fita da su waje, ka nuna musu gabas, ka maimaita tambayar yaron nan. Bari su amsa da kansu.