Jikokina sun daina zuwa makaranta a Ingila

 'Yata tana aure a Ingila, 'ya'yanta biyu, babban shekararsa tara. Bara ita da mijinta suka cire su daga makaranta, wai ita ce za ta riƙa koyar da su a gida. Ta ce 'yan ajin babban ne suka sa shi gaba da tsangwama, har kullum da safe sai ya yi kukan ciwon ciki. Abin ya hana ni barci. A je ƙasar boko a ƙi makaranta? Hukuma ba za ta kama su ba?

Hajiya, daga Zariya

 Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba su karya doka ba. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta wajabta wa iyaye ilimantar da yaro, amma ta bar musu zaɓi: a makaranta ko ta wata hanya. Da a Jamus suke, da na ce ki damu, don can an hana.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Ƙididdigar gwamnatin Ingila ta 2024 ta nuna yara sama da 100,000 ne ke karatu a gida. A Amurka, kafin korona ma kusan uku cikin ɗari na yara haka suke. Wasu don tarbiyya da addini, wasu don yaron na da lalurar da malami ɗaya mai kula da cikakken aji ba zai iya bi ba, da yawa kuma don irin abin da ya sami jikanki. Yaron da tsoro ke murɗa wa ciki kowace safiya ba karatu yake yi ba, Hajiya, haƙuri kawai yake yi. Ni dai ban ga laifin uwar da ta ƙi zuba ido ba.

Abin da ya fi damuna ita 'yar taki ce. Ga girki, ga reno, ga koyarwa, ba dangi kusa. In kun yi waya, kada ki fara da faɗa. Ki tambaye ta wa ke kama mata, kuma ko yaran na cuɗanya da sa'o'insu a Islamiyya ko filin ƙwallo. Ki tuna mata cewa jarrabawar GCSE, wadda ake zaunawa wajen shekara 16, iyaye ne ke nemo cibiya su biya kuɗinta in yaro a gida yake karatu. Tun yanzu ya kamata su fara tanadi.