Sayen Kwamfutar Hannu Mai Rahusa

Kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira tab, tana da amfani ga yaron da ke atisayen jarrabawar JAMB, tunda a kwamfuta ake rubuta ta. Ma'aikacin masana'antun Bompai da ke zaune a unguwar Dakata zai same ta da sauƙin kuɗi a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut.

Abin fara dubawa shi ne RAM: kada ya gaza gigabait 3, ma'ajiya kuwa 64. Abin da aka rubuta a kwali ba hujja ba ne, musamman idan ba a san kamfanin ba. A kunna ta, a shiga saiti, a gani da ido. Batir ya kai mAh 6,000, saboda wuta ba ta da tabbas, kuma gara mai ɗaukar layin 4G.

Idan wadda aka taɓa amfani da ita ce, a tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na Google, don kada ta kulle bayan an goge ta. A gwada caji, a karɓi rasit. Kayan itel da Tecno kuwa, idan sun lalace, cibiyar Carlcare ce ke gyara su.