Kai Yara Gidajen Wasa da Kallo: Darasi ga Hakimai da Malamansu

Kowace shekara, in an sauko daga idi, akan ga motoci cike da yara suna fitowa daga ƙasashen Dambatta, Makoɗa, Minjibir, Bichi da Dawakin Tofa, sun nufi birnin Kano yawon Salla. Mafi yawansu Gidan Zoo suke zuwa, wato gidan namun daji da aka kafa a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Waɗansu kuma sukan tafi gidajen wasa masu lilo da majaujawa. Wannan al'ada ce mai kyau, gama yaron da ya ga zaki da jimina da idonsa ya ƙaru da ilmin da ba ya mantawa. Amma akwai hatsari a cikinta, kuma maganinsa tun daga ƙauye yake farawa. Don haka aka shirya wannan darasi.

Asalin irin waɗannan wurare

Gidajen wasa sun daɗe a ƙasashen Turawa. An buɗe lambun Tiboli a Kwapanhagan, babban birnin Danmak, a 1843. An buɗe Disneyland a Amurka a 1955. A irin waɗannan wurare akwai ƙa'ida ta auna tsawon yaro kafin a bar shi ya hau abin da ke juyawa da ƙarfi, domin ƙarfen da ke riƙe mai hawa ba ya kama ƙaramin jiki. Wanda bai kai ba, sai a mayar da shi, ko da iyayensa sun biya. Ya kamata talakawa su fahimci cewa in ma'aikaci ya hana yaro hawa, ba wulaƙanci ba ne, kiyaye rai ne.

Hatsari na farko: hanya

Gidan Zoo yana kudancin birni, saboda haka mutanen arewa sai sun ratsa Kano duka a ranar da ta fi kowace cunkoso. Direbobi kuwa sukan ɗauki yara uku a wurin mutum ɗaya, suna cewa ai ba su da nauyi. Mutanen wannan yanki sun san ƙarshen lodin da ya wuce kima. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Abin da ya faru a ruwa yana iya faruwa a kan kwalta.

Hatsari na biyu: ɓata

Yaron ƙauye ya saba da wurin da kowa ya san ubansa. In ya ɓace a kasuwar garinsu, kafin la'asar an kai shi gida. A birni ba haka ba ne. Yaro ɗan shekara 4 in ya tsorata ba ya iya faɗin sunan garinsu, sai kuka. Sau da yawa kuma wadda aka danƙa wa shi yayarsa ce 'yar shekara 10, ita ma kallo ya ɗauke mata hankali.

Hatsari na uku: zafi da dabbobi

Ƙaramar Salla ta 2024 da ta 2025 cikin bazara suka faɗo, lokacin da zafin Kano kan haura awo 40. Ƙishirwa tana kayar da ƙaramin yaro tun babba bai ji komai ba. Dabbar da ke cikin keji kuma ba ta gida ba ce. Kada a bar yaro ya zura hannu don ba biri gyaɗa, ko ya hau shinge.

Abin da ake bukata daga hakimai

Kafin Salla da mako guda, hakimi ya tara dagatai, su kuma su isar wa masu unguwanni, a yi shela a masallatai da waɗannan abubuwa:

1. Kada ayarin yara ya tashi sai da sanin mai unguwa.
2. Kowane babba kada ya riƙe ƙananan yara fiye da uku. Yarinya ba ta zama 'yar rakiya.
3. A sa wa kowane yaro takarda a aljihu, da sunansa, da na ubansa, da garinsu, da lambar wayar ɗan rakiya.
4. A ƙidaya yara sau huɗu: wajen shiga mota, a ƙofar shiga, a ƙofar fita, da wajen sauka a gida.
5. A tafi da ruwan sha da abinci daga gida, a riƙa hutawa a inuwa.
6. A nuna wa yara wuri ɗaya da za su tsaya in sun rabu da jama'a. In an rasa yaro, a sanar da ma'aikatan ƙofa da 'yan sanda nan take, kada a tsaya nema tukuna.
7. A baro birni tun kafin magariba.

Aikin malamin hakimi

Malami ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta kowane ayari: unguwa, yawan yara, sunan shugaban tafiya, da lambar mota. Washegari ya bincika ko kowa ya dawo. In an sami cigiya, wannan shafi ne abin da hukuma za ta fara tambaya.

Wanda ba shi da halin tafiya ranar Salla, a shawarce shi ya jinkirta zuwa bayanta, lokacin da cunkoso ya ragu, kuɗin mota ya sauka, yara kuma su yi kallo a natse. Ba a nufin hana yara murna. Abin da ake so shi ne duk yaron da ya fita da safe cikin kayan Salla ya kwana a ɗakin uwarsa.