Yadda Fatar Akuyar Kano Take Isa Amurka a Ƙarni na 19

Tun farkon ƙarni na 19 jiragen ruwan 'yan kasuwar Amurka, musamman na garin Salem da ke jihar Masacuset, suke zirga-zirga a gaɓar Afirka. Sukan kai taba da yadi da albarushi Gambiya da Saliyo da Zanzibar, su komo da manja da hauren giwa da fatu. Fata ba ta kwantai a wajensu, domin garuruwan da ke maƙwabtaka da Salem, irin su Lin, da ɗinkin takalmi suke ci. Ƙasar Kano ba ta da bakin teku, amma a ƙarshen ƙarnin fatar awakinta ta shiga wannan ciniki ta wata ƙofa dabam, wato Tarabulus, inda akasarin jemammun fatun da ayari ya kai Amurka ake wucewa da su.

Aikin daga ƙauye yake somawa. A gabashin Kano, ƙasar Gaya da Ajingi da ƙauyuka irin su Balan, kiwon awaki yawanci na mata ne a cikin gida. Idan aka yanka akuya don suna ko salla ko kasuwa, mahauci ne ke riƙe da darajar fatar. Wuƙa ta huda ta sau ɗaya, kuɗinta ya faɗi. Shi ya sa gwanin fiɗa yake tsaga kaɗan da wuƙa, sauran kuma ya bi da dunƙulen hannu yana raba fata da nama. Daga nan a shanya ta, 'yan koli su bi kasuwannin ƙauye suna tarawa, su ɗora wa jaki zuwa wajen majema.

A majema ne ainihin gwanintar take. Da farko ana jiƙa busasshiyar fata har ta yi laushi, sannan a tsoma ta cikin ruwan toka don gashin ya saki. Majemi ya shimfiɗa ta a kan itace ko dutse mai santsi, ya kankare gashin da ragowar kitse da wuƙa marar kaifi. Sai a sa ta cikin ruwan kashin tattabara ko na kaji, wanda yake cire zafin toka, ya sa fatar ta saki jiki. Warin wannan mataki ne ya sa ake kai majema gefen gari. Bayan wanki sai bagaruwa: a daka 'ya'yanta, a jiƙa, a zuba fatun ciki ana cuɗawa ana juyawa har ruwan ya ratsa su ciki da waje. Majemin da ya yi gaggawa a nan, fatarsa za ta bushe ta yi ƙarau ƙarau, kuma dillali zai gane da taɓawa ɗaya. Idan ta jemu sai a shafe ta da mai, a miƙar da ita, a shanya. Wadda za a rina ja, da karan dafi ake yi, kuma wannan jar fata ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, alhali hannun Bahaushe ne ya jeme ta.

Daga majema sai birnin Kano. A kasuwar Kurmi da gidajen fatoma ake haɗa mai kaya da Larabawan Gadamas mazauna Dandalin Turawa. Dillali yana ware fatu ɗaya bayan ɗaya, mai tabo gefe, mai kyau gefe, kafin a yi ciniki. Su kansu Larabawan da bashi suke juyawa, domin attajiran Tarabulus ne suke ba su yadin Mancesta da sukari da takarda, a kan za su biya da kayan ƙasar Hausa. A da gashin jimina da hauren giwa ne kan gaba, amma da kasuwar gashin jimina ta karye a shekarun 1880 saboda masu kiwonta a Afirka ta Kudu, fata ta ƙara daraja a cikin kayan ayari.

Ana ninke fatun a ɗaure su tamau, a naɗe da kirgi saboda rana da ƙura, a yi labtu biyu biyu a kan raƙuman Abzinawa. Ayari ya bi ta Damagaram da Damargu, ya ratsa Abzin, ya faɗa Gat, daga can Gadamas, sannan Tarabulus. Tafiya ce ta watanni, ga ƙishirwa ga 'yan hari, ga kuɗin hanya da ake biyan kowace kabila da aka bi ta ƙasarta. A Tarabulus a kwance kaya, a sake tantancewa, a matse su dila dila, a loda a jirgin ruwa mai tururi. Can Amurka masu sana'ar fata su gyara ta daidai da bukatarsu, ta zama takalmi da jaka da bangon littafi.

Hanyar ta mutu a shekarar 1911, lokacin da layin dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta afka wa Tarabulus. Fatu suka koma bin jirgin ƙasa zuwa Ikko. Kamfanonin da suka buɗe kantuna a Kano sun fi son busasshiyar ɗanyar fata, saboda masana'antun Amurka sun riga sun koma jima da sinadari, don haka kaso mai yawa na fatun ƙauye ya riƙa wucewa tasha ba tare da ya bi ta hannun majemi ba.