Yadda ake sabunta takardun gidan abinci da wurin sayar da abin sha a Zangon Kwatano

Duk wanda ya ce maka "kawo jaka kaza in sabunta maka lasisi", ka tambaye shi wace takarda yake nufi. In ya tsaya inda-inda, riƙe kuɗinka. A Kwatano ba takarda guda ke riƙe da gidan abinci ba. Akwai ta rajistar kasuwanci, akwai ta haraji, akwai izinin buɗe wurin, akwai ta lafiyar ma'aikata, kowacce da ofishinta da lokacinta. Na daɗe ina bi wa masu gidajen tuwo da masu shayi takardu a Zango, kuma yawancin ƙofofin da na ga an garƙame, masu su sun biya kuɗi. Takarda ɗaya suka biya wa, suka ɗauka ta rufe sauran.

Fara da zazzage jakar takardun a kan tabarma. Ka ware rajistar RCCM, da lambar haraji ta IFU, da katin ɗan kasuwa, da izinin buɗe wuri, da takardar haya, da rasit ɗin harajin bara. Ɗauki farar takarda guda ka rubuta ranar da aka sa wa kowacce hannu da ranar da za ta mutu, in tana da ita. RCCM da IFU ba sa mutuwa. Katin ɗan kasuwa yana da wa'adi a jikinsa. Wanda bai taɓa yin rajista ba, tun 2020 hukumar APIEx take yin ta ta intanet a shafin monentreprise.bj, kuma kuɗin ƙaramin shago wajen jaka 10 ne. Wannan bai kai a ɗauko ɗan kamasho ba.

Sai maganar da nake ji kullum daga bakin Hajiyoyinmu: "Ai mu ba ma sayar da giya, me ya haɗa mu da lasisi?" Abu biyu ake kira da wannan suna, shi ya sa ake ruɗewa. Na farko haraji ne, contribution des licences, wanda mai sayar da barasa ɗaiɗai yake biya kowace shekara, ko a wurin ake sha ko tafiya ake yi da ita. Wannan kam babu ruwan mai tuwo da miyar kuka da shi. Na biyu izinin buɗewa ne da gudanar da wuri, daga ɓangaren ma'aikatar cikin gida, kuma ya haɗa wuraren shaye-shaye da gidajen abinci da makamantansu. In kana da kujeru da tebura, mutane suna zama su ci su sha Youki ko ruwan Possotomè, to kana cikin makamantan nan. Masu mashaya na wajen Jonquet su ma sukan yi kuskuren ta ɗaya gefen: su biya harajin, su manna rasit a bango, su ɗauka izini ne. Rasit ɗin ofishin haraji bai ba kowa izinin buɗe ƙofa ba.

Izinin nan da abu uku aka ɗaure shi: sunan mutum, da wurin, da irin sana'ar. Ka canza ɗaya, takardar ta daina magana a kanka ko da wa'adinta bai cika ba. Ka koma shagon da ke kallon tsohon, ka ƙara ɗakin sama, ko ka ba wani hayar gaban shagonka ya mai da shi mashaya da dare, duk sai an koma ofis. Na ƙarshen nan masu gidaje su kula da shi, don ranar da 'yan sanda za su zo, mai sunan da ke kan takarda za su fara nema.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne masu ba da shawara a bakin masallaci ba sa taɓawa: suna da adireshi su zama iri ɗaya a kowace takarda, harafi da harafi.

Mu Hausawa sunayenmu sun sha wuya a hannun magatakarda. Mutum ɗaya, a takardar haihuwa Mahamadou, a katin ɗan kasuwa Mohamed, a takardar haya Mamadou, mai gidan kuma ya ƙara masa Elhadj a gaba don girmamawa. Da can ma'aikaci yakan dube ka ya ce ai kai ne, ya buga hatimi. Tun da aka yi rajistar jama'a ta RAVIP a 2017 aka ba kowa lambar NPI a hannun hukumar ANIP, na'ura ce take gwada takardu, ita kuwa ba ta san Alhaji ba. Sunan da ke kan takardar shaidarka ta CIP shi ne sunanka. Duk wata takarda da ta saɓa masa, ita za a gyara, kuma a gyara ta kafin a kai komai ko'ina. Wani abin da ke kayar da mutane shi ne juya suna: sunan mahaifi ya zauna a gurbin sunan yanka a takarda ɗaya, a ɗayar kuma akasin haka. Ka duba wannan da idonka, kada ka bar wa yaron da ke buga maka kwamfuta.

Adireshi ma haka. "Zongo" kaɗai bai isa ba. Akwai Zongo-Nima, akwai Zongo-Ehuzu, duka a gunduma ta 5 cikin gundumomi 13 na Kwatano. Sunan unguwar da lambar filin da ke kan takardar haya su ne za su fito a rajista, su fito a takardar neman izini. In haya ta baki kuka yi da mai gida shekara da shekaru, kamar yadda aka saba a nan, ku zauna ku rubuta ta, ku sa hannu. Ka biya ta wajen delege, mai unguwa ke nan, tun da wuri, domin shaidar zama ta hannunsa take bi, kuma shi ma yana da tafiye-tafiyensa da bukukuwansa.

Sannan a bi takardun bisa tsawon ransu. Mai daɗewa kafin ta fito, ita ake fara nema. Mai saurin mutuwa, ita ce ta ƙarshe. 'Yan Nijar da 'yan Najeriya su fara da takardun zama da na ofishin jakadanci, don su suka fi cin lokaci. Gyaran suna ya biyo baya, sai haya, sai haraji. Takardar shaidar rashin laifi ta kotu, casier judiciaire, wata 3 kacal take yi. Ana neman ta a shafin service-public.bj, a biya ta MoMo, kuɗin bai wuce jaka biyu ba. Saboda sauƙinta kowa ita yake fara cirowa, sai ta mutu a cikin jaka yana jiran gyaran suna, ya sake biya. Bar ta sai komai ya haɗu. Ni nakan ce wa mutane su fara motsi wata 3 kafin wa'adi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Jerin abin da ake haɗawa don neman izinin yana canzawa, saboda haka ka je ofishin perfe na Littoral, shugaban yankin da Kwatano take ciki, da ƙafarka ka karɓi na bana, kada ka yi aiki da na maƙwabci. Ranar miƙawa, ka tafi da kwafi biyu na komai, asalin kuma ya dawo gida tare da kai. Kada ka fito ba tare da takardar shaidar karɓa mai hatimi da kwanan wata ba. Ita za ka nuna in masu bincike sun zo kafin sabuwar ta fito.

Haraji ba shi da wuya in an riƙe littafi. Wanda cinikinsa na shekara bai wuce sefa miliyan 50 ba, a tsarin TPS yake, haraji guda da ya haɗiye fatanti da harajin riba, har da na barasa ga masu sayar da ita. Ana bayyana cinikin bara kafin ƙarshen Afrilu. Littafin makaranta mai bango mai tauri ya ishe ka, a rubuta abin da ya shigo kowane dare kafin a kashe fitila. Ka buɗe e-MECeF a wayarka don fitar da rasit ɗin da hukumar haraji ta amince da shi, mai tambarin QR, domin ofisoshin da ke odar abinci ba sa karɓar na hannu. Kai ma in ka sari lemo ko shinkafa, ka nemi irinsa da lambar IFU ɗinka a jiki.

Takarda ta fito ba shi ne an gama ba, masu duba tsabta ba sa aiko da sanarwa. Dokar tsabtar jama'a ta Fabrairun 2022, wadda ta maye gurbin ta 1987, ita suke riƙe da ita. Duk hannun da ke taɓa abinci yana bukatar shaidar likita, har yarinyar da aka kawo daga ƙauye makon jiya tana wanke-wanke. Ni sau biyu a shekara nake sa a kai su gaba ɗaya, rana guda, don kwanan watan ya zama ɗaya. Abin da suke fara leƙawa ban ɗaki ne da inda ruwan wanke-wanke yake zuba. In kwata yake bi ya fita titi, ka shirya biyan tara. Abinci a rufe, shara a mazubi mai murfi har motar SGDS ta zo, nama mai hatimin mayanka. A zazzage firji duk wata, kwalaben can ƙasa su ne wa'adinsu ke wucewa ba a sani ba. Baƙar leda kuwa doka ta hana ta tun Disambar 2017, ko da kana ganin ta a hannun kowa a kasuwa. Tukunyar kashe gobara tana da ranar dubawa a wuyanta. A rataye ta kusa da ƙofar madafa, ba a bayan buhunan gawayi ba.

Sai bakin titi. Wanda yake Zango a Janairun 2017, lokacin da perfe Modeste Toboula ya bi titunan Kwatano yana kwashe rumfuna, ba ya bukatar a yi masa bayani. Izininka ya tsaya a bakin ƙofarka. Na san da azumi ciniki yakan yi yawa bayan shan ruwa, benci ya fara rarrafowa waje ɗaya bayan ɗaya, amma motar da ke kwashewa ba ta duba watan da ake ciki.

Ƙarar sauti ma tana da dokarta, ta Mayun 2022. A ranakun aiki, daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana da kuma daga 10 na dare zuwa asuba, a kashe lasifika. Maƙwabci ɗaya ya kira Police républicaine ya isa. Mai sa kiɗa ko talabijin don jawo masu kallon ƙwallo ya san cewa BUBEDRA, hukumar haƙƙin mawaƙa, tana da nata kuɗin na daban. Ma'aikata kuma, a yi musu rajista a CNSS, asusun kare ma'aikata; mafi ƙarancin albashi jaka 52 ne tun Janairun 2023.

In an ci ka tara, ka nemi a rubuta laifin, ka biya inda ake ba da rasit. Abin da aka miƙa a tafin hannu ba ya shiga kowane littafi, wata mai zuwa laifin yana nan yana jiran wani jami'in.

Wanda ya sayi gidan abinci a hannun wani, ko ya gaji na mahaifiyarsa, kada ya ci gaba da aiki da takardun mai wurin na da, ko da suna da sauran wa'adi. A rufe rajistar tsohon ko a sauya ta, a tabbata babu bashin haraji a kan lambarsa, a sake rubuta haya da sabon suna, sannan a nemi izini. In saye ne, ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai mai sayarwa ya kawo maka shaidar ofishin haraji cewa ba a bin sa komai.